Kwalbar Aro ta Misis Denbi

Tun da na dawo daga Landan bakina bai huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan biki tambaya: Hajara, da gaske ne rana ba ta fitowa? Da gaske ne karnukansu suna sa riga? Na amsa har na gaji. Malama Zulai kuwa ba labari ne ya dame ta ba. Ranar da ta zo yi mini sannu da zuwa ta tsallake rediyon da na sayo, ta tsallake agogon bango, idonta ya sauka kan wata tsohuwar kwalba mai faɗin baki da ke kan kabad, mai murfin gilas da zoben roba da ƙugiyar waya. Sau uku ke nan tana roƙona in ba ta ta zuba turaren wuta, sau uku ina hana ta, har ta fara yaɗawa wai Ingila ta koya mini rowa. To, yau na zauna na rubuta labarin gaba ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in sha ruwa. Zulai, ke za ki fara karantawa.

Kun tuna shekarar da na tafi. Kuɗin mai ya fara zuba, duk wanda ka gani a Kano yana maganar firji da fanka, mata suna fitar da randunansu tsakar gida don sun tsufa da yayi. Gwamnati kuma tana tura mutane kwas ta ko'ina. Haka sunana ya fito, shekara guda a Landan, in koyo sabbin dabarun koyar da ƙananan yara. Na ɗinka kaya kala bakwai, na sayi akwati mai makulli biyu, na tafi Bichi in yi sallama da Inna.

Na tarar Inna ta riga ni shiri. Mako biyu ta yi tana aikin daddawa. Ta dafa kalwa wuni guda, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da ganye har ta ruɓa yadda ake so, ta daka, ta shanya a kan rufin ɗaki tana korar kaji. Ta naɗe ta a takardar siminti, ta naɗe da tsohon zane, ta ƙara wani zanen, ta ɗaure da igiya.

"Inna, can fa akwai komai," na ce. "Ƙasar Turawa ce."

"Ke 'yar nan, rufe mini baki," ta ce. Ba ta kiran sunana, ni ce ta fari. "Ƙasar da babu ɗorawa ce za ki ce mini akwai komai? Shekara guda za ki yi kina shan miya lami? Ɗauki."

Na ɗauka, na cusa a ƙasan akwati. A jirgi na zauna kusa da wani Alhaji ɗan kasuwa mai zuwa sayo yadi. Ko awa ba mu yi a sama ba ya ja hanci, ya lumshe ido, ya ce, "Allah ya yi wa wadda ta yi daddawar nan albarka." Akwatin fa yana can ƙasa cikin kaya. Mayafina ne kawai ya kwana kusa da ƙullin. Da ina da wayo, tun daga nan zan gane abin da ke jirana.

A filin jirgin Landan wani saurayin kwastan ya buɗe akwatina da ladabi, ya ɗaga ƙullin ya juya shi.

"Mene ne wannan, madam? Nama ne?"

"A'a, 'ya'yan itace ne. Kayan miya."

Ya kwance zanen farko lafiya lau. Ya kwance na biyu. Da ya buɗe takardar siminti sai ya ja da baya taki biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Madam, ina baƙin cikin sanar da ke, abin ya lalace a hanya."

"Bai lalace ba, ranka ya daɗe. Yanzu ma ya yi daidai."

Ya kira wani dattijo abokin aikinsa. Ashe dattijon ya yi soja a Kaduna zamanin da. Ya leƙo, ya yi dariya, ya ce mini da Hausarsa ta bariki, "Sannu da zuwa, uwargida!" Sai ya juya ya gaya wa saurayin ya rufe ya sallame ni, da sauri, kafin a kwashe mutanen zauren zuwa asibiti.

Yaya Sani ne ya tarbe ni, ɗan yayan Inna, wanda ke karatun lauya a can. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Ƙanwata, akwai 'yar matsala. Na yi miki booking a hostel, an yi cancel." Sai muka wuce gidansa a Barking, ɗaki da falo, shi da matarsa Binta da jaririyarsu. Ni aka ba doguwar kujerar falo. Kwana goma sha biyu na yi a kanta, ƙafafuna a waje, kayana a bayan talabijin. Binta ba ta taɓa ɓata fuska ba, Allah ya saka mata, amma mai gidan da suke haya ya fara leƙe yana tambaya mutum nawa ne ke kwana a nan. Ga makarantarmu can kusa da Aldwych, kullum sai na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa in zauna cikin mutanen da suka rufe fuska da jarida, ba sallama ba amsawa.

Neman ɗaki kuwa, ban so in tuna. Za ka ga takarda a taga an rubuta akwai ɗakin haya. Ka ƙwanƙwasa, a buɗe, a dube ka daga ɗankwali zuwa takalmi, a yi maka murmushi mai kyau a ce, "Kash, yanzun nan aka kama." Washegari ka wuce ka ga takardar tana nan. Ƙofa bakwai muka buga. A ta bakwai na tsaya a bakin titi na yi kuka sosai, na ce wa Yaya Sani ya mayar da ni Kano, kwas ɗin ya ci kansa. Ya ce in daure, saura guda a Tottenham.

Wata 'yar gajeriyar tsohuwa ce ta buɗe, farin gashi tas, ɗaure da rigar girki. Sunanta Misis Denbi, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa mai nisa. Ta dube ni kamar yadda sauran suka yi, ni kuma na riga na juya rabin jiki don in tafi. Sai ta ce, "Ki goge ƙafarki ki shigo, kina shigar mini da sanyi."

Ɗakin yana can sama, ƙarami, da gado da tebur da taga mai kallon bayan gida. Ta tsaya a tsakiya ta lissafa dokokinta da yatsu. Ba a kawo maza. Ba a kunna rediyo da ƙarfi. Na uku kuma, ta ɗaga yatsan sama ta riƙe shi a nan, ba a girki mai wari. Wanda ya bar ɗakin kafin ni, ta ce, kifi ya soya sau biyu, a na biyun ta ajiye masa jakarsa a bakin ƙofa. Yaya Sani ya taka mini ƙafa. Na ce, "Ni ko albasa ba ta dame ni ba, Misis Denbi." Allah ya yafe mini wannan ƙaryar.

A hanya Yaya Sani ya ce in jefar da ƙullin Inna a shara. Na ce sai dai a jefar da ni tare da shi. Binta ta ce ita ma ba za ta iya ajiye shi ba, nasu mai gidan hayar ya fi tawa hanci. Don haka na bar shi a ƙasan akwati, na kulle makulli biyun, na tura ƙarƙashin gado can jikin bango. Na koma cin dafaffen dankali da kabejin da aka dafa har ya mutu, da wani nama mai sanyi da suke yankawa siriri kamar takarda. Wanka kuma wai a cika kwarmi da ruwa ka shiga ka zauna cikin dauɗarka. Na roƙi bokiti. Ta ba ni na goge daɓe, tana mamakin abin da zan yi da shi.

Abin da ya fara haɗa mu da ita sukari ne. A kakar nan sukari ya yi wuya a Landan. Ku ji fa, ƙasar Turawa! Mu can gida ana zuba ƙwaya shida a kofin shayi, su a nan kanti ba ya sayar wa mutum fiye da fakiti ɗaya. Wata Asabar na same ta a kicin ta tasa kwando biyu na wasu 'ya'yan itace a gaba, ta yi tagumi. Fulom suke ce musu, kamar ɗinya amma sun ninka ta girma, daga bishiyar bayan gidanta. Sun nuna gaba ɗaya, ba sukarin dafa su. Na ce, "In mutum ɗaya fakiti ɗaya ne, ai mu biyu ne." Muka bi kantuna huɗu muna shiga kamar ba mu san juna ba. A na ƙarshe har harararta na yi a layi don kada a gane. Da muka fito ta jingina da bango tana dariya har hularta ta karkace.

Ranar ta buɗe mini ƙofar ƙarƙashin matakala. La ilaha illallahu! Kanta uku daga ƙasa har sama, cike da kwalabe a jere, ja da rawaya da kore: tuffa, fulom, albasa a ruwan tsami, wake, tumatir. Kowace da 'yar takarda a manne, an rubuta abin da ke ciki da shekarar da aka rufe. Nan na gane abin. Mu Allah ya ba mu rana, sai mu yanka kuɓewa da tumatir mu shanya, mu ci har wata damina. Su ba su da ranar da za ta busar da ko hankici, sai suka koma dafawa su rufe a gilas da zafinsa. Zoben robar nan shi ne sirrin. In kwalba ta huce sai ta tsotse murfinta da kanta, iska ba ta shiga ba ta fita.

Muna cire ƙwallo tana ba ni labari. Manyan kwalaben da ke kantar tsakiya mahaifiyarta ce ta ba ta ranar aurenta, goma sha biyu, tara suka rage. A zamaninsu, ta ce, in ana son sanin kirkin mace sai a leƙa ƙarƙashin matakalarta. Na ce mu ma haka muke leƙa jeren kwanukan amarya, sai dai namu ba a cin abinci a ciki, kallo kawai ake yi. Ta ce suna yara, in ba su da kuɗin shiga silima, sai su kai wa mai ƙofa kwalbar jam (haka suke kiran 'ya'yan itacen da aka dafa da sukari) wadda ba komai ciki ya bar su su shiga. Lokacin yaƙi kuma, da jiragen sama ke zubo wuta, a wannan ƙuryar take ɓuya da jaririnta, kwalaben suna kaɗawa a kansu. Biyu a lokacin suka fashe. Mata kan taru a zauren coci su dafa duk abin da bishiyoyin unguwa suka haifa, don kada ko ɗaya ya ruɓe ga yunwa a gari.

"Yanzu 'yan mata sun sami firji da abincin gwangwani," ta ce. "Matar ɗana dariya take yi mini. Ga shi sukari ya ɓace mako uku, duk sun rikice."

"To ta ukun fa?" na ce. "Kin ce biyu suka fashe."

Ta nuna bangon maƙwabta da cokali. "Tana can. Shekara ashirin ke nan na ba matar can jam, ba ta dawo da kwalbar ba. Ki sani, abin da ke ciki kyauta ne, kwalbar aro ce. Duk matar kirki a titin nan ta san haka. Muna gaisawa kullum, na je jana'izar mijinta, amma ko cokali ɗaya ba ta ƙara ɗanɗanawa ba."

"Kin taɓa tambayarta?"

"Tambaya?" Ta dube ni kamar na ce ta fita titi ba riga. "Ai ba a tambaya."

Da muka gama ta ɗebo mini jam a ɗan faranti. Ta ce kada in ji haushi, 'yan haya ba ta ba su kwalba, don yau suna nan gobe sun tafi. Kwalba sai wadda ka tabbata za ka sake gani. Na ce ba komai, amma a raina na ɗan ji abin, ba zan ɓoye ba.

Sai sanyi ya shigo, aka kunna hita. Abin da ban sani ba shi ne bututun ruwan zafin ya bi ta jikin bangon da ke ƙarƙashin gadona, daidai inda na tura akwati. Daddawar Inna ta ji ɗumi ta farka. Kwana biyu ta cika ɗaki. Kwana huɗu ta sauko matakala. Ni kam in na shigo sai in ji kamar na shiga tsakar gidanmu a Bichi, har yawuna ya tsinke. Misis Denbi kuwa ta fara yawo da hanci a sama. Ta wanke shara, ta zuba magani a magudana, ta ɗaga kafet ɗin matakala. Ranar Laraba ta tare ni a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Hajara, ki yi haƙuri da abin da kike shaƙa. Ɓera ne ya mutu a cikin daɓe. Ban san inda zan sa fuskata ba."

Ita ke ba ni haƙuri! Na buɗe baki, sai na tuna mai soya kifi da jakarsa a bakin ƙofa, na tuna ƙofofi bakwai da kujerar falon Barking. Na ce, "Allah sarki, ɓera," na hau sama da sauri. Na so in fitar da ƙullin a ɓoye, amma ina zan kai shi? Tsohuwa kullum tana gida, kuma duk wanda ya bi matakalar nan da shi, ko makaho ya san ya wuce.

Ranar Asabar da hantsi ta kawo mai kashe ɓera, wani ƙaton mutum mai gashin baki, da akwatin kayan aiki da ɗan ƙaramin kare. Kare a ɗakin da nake salla! Na tattare sallayata na rungume na tsaya a ƙofa. Karen nan ko shawara bai yi ba, ya nufi ƙarƙashin gado ya fara tonon akwatina yana kuka. Mai shi ya fizgo shi ya dake shi a gindi. "Kai, bar kayan baiwar Allah! Ba ka da kunya?" Sai ya ɗauki akwatin da hannunsa, da ladabi, ya fitar da shi ya ajiye a bakin matakala don ya sami wurin aiki. Ya ɓanɓare katako biyu na daɓe, ya haska tocila, ya cusa hannu har kafaɗa. Babu komai. Ya fito shan iska, ya tsaya kusa da akwatin, ya ja hanci, ya sosa ƙeya.

"Abin mamaki, madam. Warin ya dawo nan. Shekara talatin ina aikin nan ban taɓa ganin mataccen ɓera yana tafiya ba."

Ya yanke hukunci cewa abin yana cikin bango. Sai an fasa bangon, an ɗaga daɓen sama duka, aikin mako shida ko fiye, kuma dole a kwashe ɗakin. Na ga ta inda za ta ɓulle: in na yi shiru ɗakin ya tafi, in na yi magana ɗakin ya tafi. Ina cikin wannan lissafi sai na dubi Misis Denbi. Ta zauna a kan matakala, ta kama bakin rigar girkinta tana murzawa, idonta ya cika.

"Shekara arba'in ina gidan nan," ta ce, "ba wanda ya taɓa cewa gidana yana wari. Yanzu duk titi za su ga ana fasa mini bango."

Wallahi kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na ajiye sallaya, na durƙusa, na buɗe makulli biyun, na ciro ƙullin na kwance a gabansu. Mai gashin baki ya toshe hanci da hularsa. Karen ya yi ta tsalle, shi kaɗai aka ba gaskiya a ranar.

"Ga ɓeranki, Misis Denbi. Ni na kawo shi. Na yi miki ƙarya don ina tsoron ki kore ni. Ki ba ni zuwa gobe in kwashe kayana."

Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta sallami mai ɓera, ta dawo ta tsaya a kan ƙullin, hannu a ƙugu.

"Wa ya yi wannan abin?"

"Mahaifiyata."

"Da hannunta? Yaya ake yi?"

Na gaya mata, daga dafa kalwa har korar kaji. Ta tambayi kwana nawa ake rufewa, da wane ganye. Ta tambayi tsawon lokacin da yake yi bai lalace ba. Na ce shekara, har fiye.

"Shekara? Ba sukari, ba ruwan tsami, ba kwalba?"

Ta sunkuya ta gutsiri kaɗan, ta murza a yatsa, ta kai hanci kamar mai gwada magani. Sai ta juya ta sauka. Na shiga ɗaki na fara naɗe kaya, hawaye na zuba, ina tsallake ramin daɓe. Ban kai ga zane na uku ba na ji takunta. Ta shigo rungume da babbar kwalba, ɗaya daga cikin guda taran nan na aurenta, da sabon zoben roba.

"Mahaifiyarki ta iya aiki," ta ce, "amma ba ta iya ajiya ba. Aikin mako biyu a takardar siminti! Miƙo nan."

Muka jera daddawar a ciki ɗaya bayan ɗaya, ta ja ƙugiyar ta ce ƙwas. Zanen biyu da takardar ta kai bayan gida da muciya ta ƙone. Muka buɗe tagogi kwana biyu muna rawar sanyi, warin ya tafi. Ta rubuta takarda ta manna, ta ce in faɗa mata harafi-harafi: daddawa, da shekara. Ta kai ta kantar tsakiya ta ajiye tsakanin tuffa da albasa.

"Ba ki kore ni ba?" na ce.

"Don wari nake kora. Yanzu ina warin? Ƙaryar kuwa, ke za ki riƙe wa mutumin nan ƙusa in ya dawo mayar da katako."

Aka yi yarjejeniya. Ranar Lahadi in ta tafi coci, in buɗe tagar kicin in yi miyata. Binta ta samo mini kuka da garin semo a wajen wata 'yar Gana, na yi tuwon da na ci ina lumshe ido. Wata Lahadi na rage mata. Ta kai cokali ɗaya, ta haɗiye da ƙyar, ta ce abin yana da ban sha'awa. Na yi murna na gaya wa Yaya Sani, ya ce a bakin Bature ma'anarsa kada ki ƙara. Amma can cikin hunturu na fara lura daddawata tana raguwa fiye da cin da nake yi. Wata Alhamis na dawo daga makaranta na tarar tagar kicin a buɗe, ga dusar ƙanƙara na zuba, ga farfesun namanta yana wani ƙamshi da na sani tun ina goye. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce yau an yi sanyi. Na ce sosai kuwa.

Shekara ta zagayo, fulom ya sake nuna, kwas ya ƙare. Daddawa ta ƙare tun kafin nan. Na wanke kwalbar sau uku, sannan na soya cincin na cika ta fal na kai mata. Ta ce a nan wayam ake dawo da ita. Na ce a wurinmu in maƙwabciya ta aiko miki abinci kika mayar mata da kwano wayam, kin gama zubar da mutuncin gidanku. Ta ce wannan al'adar ta fi tasu, ta juye cincin ɗin a gwangwani.

Ranar tafiya da safe, Yaya Sani na waje da tasi, ta fito daga ƙarƙashin matakala da kwalbar nan dai, cike da fulom ɗin da muka dafa tare, a naɗe da tawul. A takardar ta rubuta: Na mahaifiyar Hajara.

"Misis Denbi," na ce, "ai kin ce ba kya ba 'yan haya."

"Haka na ce."

"Najeriya fa da nisa."

"Na sani, na duba taswira. Abin ciki na mahaifiyarki ne. Kwalbar aro ce." Ta ja ni ta nuna mini kantar tsakiya, inda takwas suka rage da gurbi guda a tsakaninsu. "Ba zan sa komai a nan ba. Ɗakin sama kuma zan ba ɗalibai wata-wata kawai. Tafi, mai tasi yana jira, kina shigar mini da sanyi."

Na rungume ta, abin da ba su saba ba, ta sandare kamar itace sannan ta ɗan bubbuga mini baya. A cinyata kwalbar ta yi tafiya har Kano.

Inna ta ɗanɗana fulom ta yamutsa fuska, ta ce Baturiyar nan ba ta tausayin sukari. Amma ita da maƙwabtanta suka cinye shi tas a kwana uku. Ta sa na maimaita mata labarin ɓera sau biyu, tana dariya har da riƙe ciki, sai da na zo wurin da aka ce ba ta iya ajiya ba, nan ta ɓata rai. Bayan mako biyu ta aiko mini da kwalbar daga Bichi, cike da sabuwar daddawa, an ja ƙugiya daidai, da saƙo cewa a gaya wa tsohuwar ta gani ko an iya.

Ita ce kika gani a kan kabad, Zulai, shi ya sa ba ki ji warin komai ba. Yaya Sani ya zo hutu ya ce in ba shi ya kai mata, na hana. Ni aka ara wa, ni zan mayar. Na riga na cika takardar neman kwas na biyu, in ba a ba ni ba zan tara na jirgi da kaina. Ki nemi kwalbar turarenki a kasuwa. Wannan akwai tsohuwar da ke buɗe ƙofar ƙarƙashin matakala kullum tana ganin gurbinta, kuma na san ta sarai, har ta mutu ba za ta tambaya ba.